Abin Da Ke Cikin Jinin Dabba Wanda Ke Sa Allura Ta Ci

Kowace shekara idan ruwa ya janye daga fadamar Gulbin Kabi, aka gama yankan shinkafa, shanu su kan gangaro daga tudu su cika fadama tun daga Augie da Argungu har Birnin Kebbi da Bunza. Lokacin nan ne garke ke gamuwa da garke a mashaya guda, lokacin nan ne kuma ciwo ya fi samun hanyar tsallakawa daga wannan dabba zuwa waccan. Shi ya sa malaman dabbobi su ke matsa wa jama'a su kawo dukiyarsu a yi mata allura. To, akwai waɗansu tambayoyi da masu dabbobi ba su gajiya da yi. Me ya sa allurar bushiya ta dā, sau ɗaya ta kan ishi saniya har iyakar ranta, amma ta ciwon huhu sai an yi ta sakewa kowace shekara? Me ya sa sammore ba shi da allurar rigakafi sam, alhali kuwa an fi shekara 100 ana bincikensa? Me ya hana saniyar da aka yi wa allura ta gadar wa ɗanta?

Amsar duka tana wuri guda, watau cikin jinin dabba. Tsofaffin makiyaya sun daɗe da sanin rabinta tun kafin likitoci su gane sauran rabin.

A 1887 sojan Italiya suka shigo da shanu masu bushiya ta gaɓar Bahar Maliya. Cikin 'yan shekaru ciwon ya ratsa Afirka, ya iso ƙasar Hausa. Wani Bafaranshe matafiyi mai suna Monteil, wanda ya biyo ta Argungu zuwa Sakkwato a 1891, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, ya rubuta labarin mutuwar shanun da ya tarar a hanyarsa. A wurare da yawa cikin shanu 10 guda 9 suka mutu. Amma Fulani sun lura da abu guda: wadda ta kamu ta tashi, ko da annoba ta dawo bayan shekaru, ba ta sake kamuwa. A kan wannan lura aka gina aikin allura duka. Aka buɗe ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom kusa da Jos a 1924, aka riƙa tara shanu a sansani ana yi musu rigakafi. Daga baya wani likita Bature, Walter Plowright, ya samo allura mai kyau a ƙasar Kenya, wadda aka yi amfani da ita a babban yaƙin bushiya da aka soma a 1962. Dattawa na tuna yadda a ke huda kunnen saniya don shaida. Da aka yi sakaci da allurar maruƙa, ciwon ya komo da ƙarfi a 1983, ya yi wa Nijeriya ɓarna mai yawa. Aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Dogarai da ankwa

In aka ɗiga jini a ƙarƙashin madubin likita za a ga ƙwayoyi jajaye masu yawan gaske, da waɗansu farare 'yan kaɗan a tsakaninsu. Cikin fararen akwai wata ƙungiya wadda aikinta gane baƙo. A kira su dogarai. Iri biyu ne, masana suna ce musu B da T. Kowane dogari yana ɗauke da wani abu a jikinsa mai kama da ankwa, amma ankwar ba ta shiga hannun kowane ɓarawo sai wanda siffarsa ta dace da bakinta daidai. Ankwar da ta kama ƙwayar bushiya ba ta kama ta huhu, wadda ta kama ta huhu ba ruwanta da ta harbin daji. Dogaran B su ke ƙera ankwa da yawa su zuba cikin jini, ta je ta manne wa ƙwayar ciwo, ta hana ta shiga naman jiki, ta kuma nuna ta ga waɗansu fararen ƙwayoyi masu haɗiye ta. Dogaran T kuwa nasu a jikinsu ta ke zama. Waɗansu su kan bi suna duba naman jiki, inda suka tarar ciwo ya ɓuya sai su kashe wurin, waɗansu kuma su ke ba dogaran B izinin fara aiki.

Ga inda hankalin masana ya tsaya shekaru da yawa. Kowane abu na jiki, tun daga launin gashi har tsawon ƙaho, a rubuce ya ke cikin wani zare siriri da ke tsakiyar kowace ƙwayar jiki, wanda a ke kira DNA, watau zaren gado. Rubutun da haruffa 4 kaɗai a ke yinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Umurnin da ke cikin zaren mutum, da ma na saniya, wajen 20,000 ne. Amma irin ankwar da jiki ke iya ƙerawa ta wuce miliyan dubu. Har wani abin da aka haɗa jiya a ɗakin bincike, wanda ba a taɓa yin irinsa a duniya ba, in aka sa shi a jikin zomo sai a sami ankwar da ta dace da shi. Yaya umurni 20,000 za su haifi miliyan dubu? Duk akawun da ya san lissafi ya san akwai magana a nan.

Mutumin da ya warware ta ɗan ƙasar Japan ne, sunansa Susumu Tonegawa, yana aiki a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. A 1976 shi da abokin aikinsa Nobumichi Hozumi suka gwada zaren gado na tayin ɓera da na wata ƙwayar ɓera mai ƙera ankwa. A tayin suka tarar guntayen rubutun ankwa suna nesa da juna, a ɗayar kuwa sun matso sun haɗe. Watau dogari da kansa ya ke yanka rubutun gadonsa ya sake ɗinke shi. Kafin wannan yawancin masana sun ɗauka rubutun gado ba ya canzawa daga haihuwa har mutuwa. Aka ba shi kyautar Nobel a 1987 saboda wannan bincike.

Ga yadda abin ya ke. Ankwa da sanduna iri biyu a ke haɗa ta, doguwa da gajera. Umurnin bakin doguwar sanda ba a dunƙule ya ke ba, a guntu-guntu ya ke, jere cikin tuli uku waɗanda a ke kira V, D da J. A jikin ɗan Adam tulin V yana da guntu wajen 40 masu aiki, tulin D wajen 23, tulin J kuma 6. Sa'ad da sabon dogari ke tasowa cikin ɓargo, sai wani almakashi na jiki mai suna RAG ya zo ya yanka, ya ɗauki D guda ya haɗa da J guda, ya zubar da abin da ke tsakaninsu. Sa'an nan ya ɗauki V guda ya haɗa da su. Ba zaɓe ya ke yi ba, duk wanda hannu ya faɗa a kai shi ke nan. Mai karatu ya ɗauki fensir ya buga: 40 sau 23 sau 6 ya ba da 5,520. Gajerar sanda ita ma haka a ke yi mata, sai dai ba ta da D, kuma nata lissafin ya kan kai wajen 320. Tun da kowace doguwa tana iya auren kowace gajera, 5,520 sau 320 ya haura 1,700,000.

Wannan ma somin taɓi ne. Almakashin ba ya yanka da tsabta. A wurin ɗinki a kan gutsure haruffa kaɗan daga wannan baki da wancan, wani ma'aikaci kuma ya zo ya cusa sababbin haruffa waɗanda ba su cikin gadon uwa ko na uba, yadda ta faɗo masa. Wurin ɗinkin nan kuwa shi ne tsakiyar bakin ankwa, inda ta ke taɓa ɓarawo. Daga nan ne lissafi ke tashi daga miliyan ɗaya da 'yan kai ya wuce abin da a ke iya ƙirgawa. Tagwaye ma da suka fito ciki ɗaya, kama ɗaya, kowa da nasa rumbun ankwa.

Aikin yana da hasara ƙwarai, ko maƙerin ƙauye ba zai yarda da irinta ba. Haruffan gado uku-uku a ke karanta su, saboda haka in ɗinki ya ƙara ɗaya ko ya rage ɗaya duk karatun da ya biyo baya ya watse. Cikin ɗinki 3, wajen 2 su kan lalace. Dogarin yana da wani zaren na ɗaya iyayen, sai ya sake gwadawa da shi. In wannan ma bai yi ba, ya mutu. Wanda ya dace kuwa ya tsaya nan, ba ya sake yanka doguwar sanda, don haka ne kowane dogari ankwarsa iri ɗaya ce tak. Bayan wannan akwai jarrabawa. Tun da a makance a ke ƙira, tilas waɗansu su fito da ankwar da ta dace da naman dabbar kanta. Irin waɗannan a kan kashe su ko a kwance musu ɗamara tun ba su fita ba. Dogaran T nasu makarantar wani ƙullutu ne mai laushi a gindin wuya da ƙirji, wanda mahauta su kan gani da girma a jikin maraƙi amma ya shanye a jikin tsohon sa. Cikin 100 da suka shiga makarantar nan, fiye da 90 ba su fita da rai.

Abin lura a nan shi ne, jiki ba ya jiran ya ga ciwo kāna ya auna shi ya ƙera. Ƙira ta riga ta gabata. Maraƙin da bai taɓa jin warin ciwon huhu ba, cikin jininsa akwai 'yan dogarai masu ankwar huhu, sai dai ba su da yawa, kamar mutum ɗaya ne cikin taron kasuwar Jega. Idan ƙwayar ciwo ta shiga, ruwan jiki ya kan kwashe ta ya kai kaluluwa ko saifa, inda dogarai ke wucewa dare da rana. Wanda ankwarsa ta dace sai ya tsaya, ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, ana yi sau biyu ko uku a yini, kafin mako ya zagayo sun zama dubbai. Kumburin kaluluwa ke nan, shi ya sa kuma malamin duba nama ke tsaga ta a mayanka. Cikin kaluluwar a kan ƙara gyara bakin ankwa kaɗan-kaɗan, wanda tasa ta fi riƙo shi ke samun haihuwa. In yaƙi ya ƙare yawancinsu su mutu, amma a bar waɗansu masu tsawon rai suna gadi. Ran da ɓarawon nan ya dawo, ba mutum ɗaya zai tarar ba, runduna zai tarar, kuma cikin kwana biyu ko uku an gama da shi, mai dabba bai ma sani ba.

Allura ba wani abu ba ce illa ɓarawon da aka karya wa hannu, ko gawarsa, a nuna wa dogarai. Daga nan mai dabba zai gane abubuwa da dama da kansa. Taruwar runduna tana cin mako biyu ko kusa da haka, don haka wanda ya yi allura yau ya kora garke fadama gobe bai tsare kome ba tukuna. Dabbar da ciwo ya riga ya kayar, allurar rigakafi ba ta tashe ta, magani ta ke bukata. Dabbar da yunwa da tsutsar ciki da ciwon hanta suka rame da ita ba ta da abin gina runduna, saboda haka ƙarshen bazara, lokacin da shanu ke tafiya da ƙyar, ba lokacin allura ba ne in da hali. Kwalbar da aka bari rana ta gasa ta a bayan babur, ɓarawon da ke ciki ya mutu ko siffarsa ta lalace, ruwa kawai a ke tsira wa dabba. Mai dabba yana da iko ya dubi ko daga cikin ƙanƙara aka fito da ita, kuma bai kamata malami ya ji haushin wannan ba.

Maraƙi da dakashi

Yankan nan da ɗinkin a cikin dogarai kaɗai a ke yinsu. Zaren da ke cikin maniyyin sa da ƙwan saniya ba a taɓa shi, tulin V da D da J suna nan yadda kakanni suka bar su. Don haka duk abin da saniya ta koya na yaƙi da ciwo, da allura ko da jinya, ba ya bin jini zuwa ɗanta. Kowane maraƙi daga farko ya ke somawa. Wannan ne ya dawo da bushiya bayan yaƙin 1962: an tsare manya, aka bar 'ya'yan da aka haifa daga baya suka taru har suka zama garke.

Abin da uwa ke iya yi aro ne. Mace 'yar Adam ta kan miƙa wa ɗanta ankwa tun yana ciki, ta mahaifa. Saniya da tunkiya da akuya da goɗiya mahaifarsu ba ta barin ankwa ta wuce, ɗan ya kan faɗo duniya kusan hannu wofi. Duk rabonsa yana cikin dakashi, watau nonon farko mai kauri mai rawaya. A sa'o'in farko hanjin maraƙi a buɗe ya ke, ankwa ta kan ratsa shi ta shiga jini ba tare da ta narke ba. Sa'a 6 na farko su ne masu albarka, bayan yini guda kuwa ƙofa ta rufe. Akwai gidajen da har yanzu a ke tatse dakashi a zubar, wai yana sa zawo. Babu hasarar da ta fi wannan a garke, domin maraƙin da ya rasa shi ne zawo da ciwon cibiya ke fara ɗauka. In uwa ta mutu wajen haihuwa ko ta ƙi ɗan, a nemi dakashin wata saniyar garken a ɗura masa tun ranar.

Aron nan ya kan ƙare cikin 'yan watanni, kuma yana da wata illa: muddin ankwar uwa na cikin jinin ɗa, ita za ta kama ɓarawon allura kafin dogaran ɗan su gan shi, allura ta tashi banza. Shi ya sa malamin dabbobi ke tambayar watannin maraƙi, wani lokaci ya ce a dawo da shi. Ba wulakanci ba ne.

Kaza ce ta fara tona asirin

Masu kiwon kaji su saurara nan, domin sunan dogaran B ma daga kaza ya fito. A saman duburar ɗan tsako, ta ciki, akwai wata 'yar jaka da a ke kira bursa, wadda ba wanda ya san amfaninta. Wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Bruce Glick, ya riƙa cire ta don ya ga abin da zai faru. Kajin suka girma lafiya. Sai abokinsa Timothy Chang ya ari waɗansu don ya nuna wa 'yan aji yadda jiki ke ƙera ankwa, ya yi musu allura, kajin da aka cire wa jaka suka kasa ƙera kome. Suka buga labarin a 1956 cikin wata mujallar masu kiwon kaji. A 1965 Max Cooper ya nuna, da kaji kuma, cewa dogarai iri biyu ne, na jaka da na ƙullutun ƙirji.

Kaza tata dabarar daban ce. V ɗinta mai aiki guda ɗaya ne tak a kowace sanda. Amma a bayansa akwai jerin waɗansu guntaye da ba su aiki da kansu, wajen 25 a gajerar sanda, kuma cikin jakar nan dogari ke kwafo ɗan yanki daga wannan, ɗan yanki daga wancan, yana liƙawa a kan nasa, kamar mai yi wa riga faci har ta zama sabuwa. To, ciwon Gumboro, wanda aka fara bayyana shi a Amurka a 1962, jakar nan ya ke ci. Ya fi kashe 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6. Waɗanda ya kama tun suna ƙanana ƙwarai ba lalle su mutu ba, amma ya ƙone musu maƙera. Daga baya a yi musu allurar annobar kaji ta hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil, ta ƙi ci, mai kaji ya ce an sayar masa da jabu. Wanda ya sayo 'yan tsaki ya tambayi ranar ƙyanƙyasarsu, ya bi kwanakin rigakafin Gumboro ba tare da tsallake ko ɗaya ba. In na ruwan sha ne, kada a zuba cikin ruwan famfo mai warin magani, kuma a shanye shi cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Saniya ma V ɗinta kaɗan ne in an gwada da na mutum. Ta kan cike gurbin da gyare-gyare a wani sashe na ƙarshen ƙaramin hanjin maraƙi, kuma waɗansu daga ankwarta suna da wani dogon yatsa mai ƙulli a kai, wanda ke shiga lungun da ankwar mutum ba ta kaiwa. A 2017 masana a Amurka suka yi wa maruƙa 4 allura da wani yanki na rigar ƙwayar ciwon ƙanjamau, cikin 'yan makonni suka ƙera ankwa mai ƙarfi irin wadda mutum kan yi shekaru bai samu ba. Raƙumi kuwa, an gano a 1993 yana da wata ankwa ta doguwar sanda zalla, babu gajera. Har giwan ruwan da a ke fitarwa daga Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu yana da almakashin RAG a jikinsa. Shinkafa da gero ba su da shi, ba su da dogarai masu tuna ciwo. Saboda haka ba a yi wa gona rigakafi irin na dabba, abin da manomi ke da shi shi ne ya zaɓi iri mai jure ciwo.

In a na son ganin darajar wannan aiki, a dubi inda ya ɓaci. A irin dawakin Larabawa akwai wani lahani na gado, wanda aka bayyana a 1973, inda almakashi ke yanka amma mai ɗinki ba ya aiki. Ɗan dukushi ya kan fito lafiyayye, ya yi wasa muddin dakashin uwarsa na jikinsa, da aro ya ƙare sai ciwon da bai kai ya kawo ba ya kashe shi, da wuya ya wuce wata 5. Sai uba da uwa duka suna ɗauke da lahanin ya ke bayyana, ga ɗa 1 cikin 4. Masu barin sa ɗaya ya yi ta hawan 'ya'yansa da jikokinsa shekara da shekaru su yi tunani a kan wannan, domin auren dangi shi ke haɗa ɓoyayyen lahani da ɗan'uwansa.

Ɓarawo mai sake riga

Saura tambayar huhu da ta sammore. Bushiya ta yi saukin kai ne domin siffarta ɗaya ce ko'ina a duniya, kuma allurarta ƙwaya ce mai rai wadda ke tada runduna mai ɗorewa. Allurar huhu ba ta da wannan ƙarfi, gadin da ta ke bari ba ya wuce shekara, ga shi kuma saniyar da ta warke tana iya ɓoye ciwon cikin wani ƙulli a huhunta ta riƙa raba wa garke. Ciwon boru, na baki da kofato, shi kuma iri-iri ne, ankwar wannan iri ba ta kama wancan, don haka garke ya kan sha shi bana ya sake sha baɗi.

Sammore ya fi su duka wayo, domin da dabarar jiki ya ke yaƙar jiki. Ƙwayar da ƙudan tsando ke zubawa cikin jini tana sanye da riga mai kauri ta abu iri ɗaya. Cikin zaren gadonta kuwa akwai tsarin riguna fiye da 1,000 a ajiye. Dogarai su taru, su ƙera ankwar rigar farko, su kashe kusan duka. Amma kafin nan 'yan kaɗan sun kwafo wata rigar daga ajiya sun liƙa a gurbin ta dā, wani lokaci ma su haɗa rabin wannan da rabin waccan su fito da sabuwa. Waɗannan su hayayyafa, jiki ya koma farko. Shi ne dalilin da zazzaɓin sammore ke tashi ya kwanta ya sake tashi, dabba na ramewa, jininta na ƙarewa. Allurar da za a yi wa riga ɗaya ba ta da amfani ga sauran. Abin da a ke tsira wa shanu, irin su Berenil da Samorin, magani ne mai kashe ƙwayar ko ya tsare ta na 'yan makonni ko watanni, ba ya koya wa dogarai kome. Mai rage mudu don kwalba ɗaya ta ishi shanu da yawa yana koya wa ƙwayar jure magani ne kawai. Garken da ya yi rani a kudu inda tsando ya ke, a duba shi in ya dawo, tun kafin aikin huɗa ya kama shanun noma.

Bushiya ta bar 'yar'uwa a baya, watau annobar awaki da tumaki mai majina da gyambon baki da zawo, wadda aka fara ganewa a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. Ita ma siffarta ɗaya ce a wurin dogarai, kuma allura ɗaya tana tsare dabba shekara 3 ko fiye, kusan iyakar zaman akuya a gida. Ƙwayar da a ke yin allurar da ita a ƙasashe da yawa daga Nijeriya aka samo ta a 1975. Hukumomin duniya sun sa 2030 ta zama shekarar gamawa da ita. Inda aikin ke tsayawa shi ne 'yan awakin cikin gida, na mata da na yara, waɗanda ba a kai su wurin allura, da kuma 'ya'yan da a ke haifa kowace shekara.

Falke ko dillalin da ya sayo dabbobi a kasuwannin kan iyaka, wajen Kamba ko Kangiwa, ya haɗa dabbar gari goma cikin mota ɗaya, kowace da ciwon da ta sani da wanda ba ta sani ba. In ya iso gida ya ware su daga na gida mako 2 zuwa 3, da mazubin ruwa dabam, a yi musu allura tun ranar farko ko ta biyu in lafiyarsu ƙalau. Ragunan layya a sayo su da sauran lokaci don wannan, kada a bari sai sallah ta rage kwana uku.